Kwari, Singa, Sabon Gari: har yaushe kasuwannin Kano za su rayu a kan janareto?

1/
Zare 🧵 kan wutar lantarki da gas a cibiyar kasuwancin Kano. Ra'ayina a taƙaice: daga Kantin Kwari zuwa Singa, Sabon Gari da Ƙofar Wambai, ya kamata a ware wa yankin nan wutarsa ta kansa, a daina jiran gawon shanu. Zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni.

2/
Mu fara da abin da ke wurin. Kwari na sayar da atamfa, shadda da leshi ga 'yan sari daga Nijar, Chadi da Kamaru. Singa ce uwar kayan masarufi. Sabon Gari kuwa, wato Kasuwar Abubakar Rimi, shagunanta sun haura dubu goma. Duk waɗannan a 'yar tazarar da za ka taka da ƙafa.

3/
Kowane shago a cikinsu yana buƙatar wuta. Mai POS zai yi caji. Tela yana da keken lantarki da dutsen guga. Mai lemo da ruwan leda yana da firij. Mai ɗab'i yana da firinta. Ko mai atamfa da kake ganin ba ruwansa da wuta, in shagonsa duhu ne kwastoma ba zai ga kalar zani ba.

4/
Amma shiga layukan nan da azahar a watan Afrilu. Abin da zai tare ka shi ne ƙarar janareto da hayaƙi. Sai ka ɗaga murya kafin mai shago ya ji farashin da ka taya. Mun saba har mun daina ganin abin a matsayin matsala. Wallahi matsala ce, kuma mai tsada.

5/
Bari mu yi lissafi. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafi, litar fetur ba ta kai N200 ba a hukumance. Zuwa Oktoba 2024 ta haura N1,000. Janareton bai canza ba, shan mansa bai ragu ba, kuɗin ne ya ninka sau biyar.

6/
Misali kawai: a ce tela yana ƙona lita 5 a rana, a ce lita N900. N4,500 kenan kullum. Kwana 26 na aiki, N117,000 a wata. A shekara ya haura miliyan 1.4. Ban sa baƙin mai ba, ban sa fulogi da kuɗin makanike ba, ban sa ranar da injin zai buga gaba ɗaya ba.

7/
Ƙaramin janareto in ya yi ƙoƙari sosai ya ba ka kamar yunit biyu daga lita guda. Wato yunit ɗaya na tashi wajen N450. A Afrilu 2024 da NERC ta mayar da kuɗin Band A N225 ƙasar nan ta ɗau zafi, daga baya aka ɗan rage. To ɗan kasuwa tuni yake biyan ninkin wannan, shiru kawai ya yi.

8/
Wannan shi ne ginshiƙin maganata. Masu cewa "mutanenmu ba za su iya biyan kuɗin wuta na gaskiya ba" su zo Kwari su gani. Suna biya, da tsabar kuɗi, kowace safiya a gidan mai. Abin da babu shi ne wutar da mutum zai dogara da ita har ya yarda ya ajiye injinsa.

9/
Kuma kar ka ce ba ruwanka don ba ka da shago. Kuɗin man nan yana cikin ɗinkin Sallarka, yana cikin cajin da mai POS ke cire maka, yana cikin kuɗin fotokwafin da muke yi a makaranta. Ɗan kasuwa ba ya haɗiye asara, a kan kaya yake ɗorawa. Mu ne muke biya a ƙarshe.

10/
Akwai kuma yaran shago, waɗanda sa'o'inmu ne. Su ke wuni kusa da salansar janareto daga safe har magariba. Hayaƙin nan guba ne, kuma a lungun da iska ba ta shiga ya fi illa. Maigida yana ciki da fanka, yaro yana waje yana shaƙa. Ba wanda ke sa wannan a lissafi.

11/
To me ya sa wutar ba ta zuwa? Tashoshin Najeriya a takarda suna iya ba da kusan megawat 13,000. Abin da ke isowa ga jama'a yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000, ga mutum sama da miliyan 200. Tun daga sama tuwon ya yi kaɗan, kafin ma a zo maganar rabo.

12/
Mafi yawan wutar daga tashoshin gas take fitowa, kuma manyansu a Kudu suke: Egbin a Legas, Ughelli a Delta, Azura a Edo, Afam a Ribas. Namu na kusa su ne madatsun ruwa: Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Ko su ɗin ɗaruruwan kilomita ne tsakaninsu da Kano.

13/
Babbar hanyar wutar Kano ta biyo ta Mando a Kaduna ta sauka a Kumbotso, daga nan a rarraba zuwa tashoshi irin su Ɗan Agundi da Dakata. Abin da ya iso kuma KEDCO za ta raba shi tsakanin Kano, Katsina da Jigawa. Kasuwa tana layi ɗaya da kowa.

14/
Kun tuna Oktoba 2024? An lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ya biyo ta Ugwuaji zuwa Apir, wanda aka koma dogara da shi, shi ma ya samu matsala. Jihohin Arewa da yawa suka yi sama da mako guda a duhu. Masu ƙanƙara, masu kifi da kaji, masu niƙa, kowa ya ji a jikinsa.

15/
Darasin wannan makon a fili yake. Birnin da ake kira cibiyar kasuwanci rayuwarsa na rataye da turaku a dajin da ko ma'aikatan gyara sai da rakiyar jami'an tsaro suke shiga. Wanda ya zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya, ranar da ya yi tuntuɓe ba sai an faɗa masa ba.

16/
Yanzu maganar gas. A Kano in ka ce "gas" sai an tambaye ka wanne: na girki da ake ɗurawa a tukunya, ko dizal da direbobi ke kira gas, ko iskar gas da ake turowa ta bututu. Dukkansu sun shafi kasuwa, amma na ukun ne ke juya injinan da ke ba mu wuta.

17/
Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi arzikin iskar gas a Afirka, har ana ƙona wani a banza a rijiyoyin mai. Duk da haka tashoshin wuta kan tsaya saboda "ƙarancin gas". Sau da yawa ba gas ɗin ne ya ƙare ba, bashi ne ya yi yawa, mai gas ya rage famfo.

18/
Ga yadda sarƙar take: mai amfani da wuta bai biya ba ko ya yi satar layi. Kamfanin rarrabawa bai mayar da cikakken kuɗi ba. Gwamnati ta yi alkawarin cike giɓin tallafi ba ta cika a kan lokaci ba. Mai samar da wuta ya kasa biyan mai gas. A 2025 kamfanonin samar da wuta sun ce suna bin kusan tiriliyan 4.

19/
Eh, mu ma muna da namu kason. Wanda ya zagaye mita ya jona na'urar sanyaya ɗaki, haƙƙin wani ya ci, ko da sahun gaba yake sallah. Amma a gefe guda kusan rabin masu amfani da wuta a ƙasar nan ba su da mita. Ka kawo wa mutum bil na ƙiyasi bayan ya wuni a duhu, ka ce ya biya da daɗin rai? Haba.

20/
Sai AKK, bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano. Kilomita 614, kimanin dala biliyan 2.8, Buhari ya ƙaddamar da aikin a Yuni 2020. An sha sa ranar kammalawa ana ɗagawa. Duk wanda ka yi wa kukan wuta sai ya ce maka "bari AKK ta iso".

21/
To a ce ta iso gobe da safe. Babban bututu a bayan gari zai tsaya. Ba zai shiga Bompai da kansa ba, ba zai shiga Sharaɗa ko Challawa ba, balle Kwari. Sai an shimfiɗa ƙananan bututu, an gina tashar da za ta mayar da gas wuta, an samu masu sayen da suka sa hannu. Wannan aikin namu ne, kuma ba a fara shi ranar biki.

22/
Kar wani ya ce mafarki nake. A Fabrairu 2024 aka buɗe tashar Geometric a Aba, ta Farfesa Barth Nnaji, mai ƙarfin megawat 188, da gas take aiki. An keɓe wa Aba da kewayenta yankinsu na rarraba wuta. Aikin ya ci kusan shekara 20 saboda rigingimu, amma ya tashi. Garin 'yan kasuwa ne kamar namu.

23/
Ga na kusa da mu: Maiduguri. Bayan an lalata turakun wuta a 2021 garin ya daɗe a duhu. A Maris 2023 aka buɗe tashar gas mai megawat 50, kuma ba bututu ke kai mata gas ba, a tankoki ake kaiwa. Hanya ce mai tsada, amma ta nuna ƙaramar tasha ba dole sai ta jira AKK ba.

24/
A Kano ɗin ma an taɓa gwadawa. A 2018 hukumar REA ta kawo shirin sa wa kasuwanni wutarsu, aka fara da Sabon Gari, Ariaria a Aba da Sura a Legas. A Sabon Gari sola aka sa a kan rufi, shago ya biya daidai abin da yake buƙata. A Abuja an yi makamancinsa a Kasuwar Wuse.

25/
Ƙari: tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a Janairu 2023. Ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019. Ga madatsar Tiga tun zamanin Audu Bako, wadda aka daɗe ana maganar wutarta. Kayan haɗin suna nan a warwatse, mai haɗa miyar ne babu.

26/
Doka ma ta canza. A Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, a Yuni 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Enugu, Ekiti da Ondo sun karɓi nasu tun 2024. Uzurin "ai wuta ta gwamnatin tarayya ce" ya rage ƙarfi sosai.

27/
To me nake so a yi? Na farko, ƙidaya. A bi shago-shago a rubuta me kowa ke kunnawa, awa nawa, lita nawa yake ƙonawa. Ba mai zuba jarin da zai kawo kuɗinsa a kan "kasuwar tana da girma". Lamba yake so. Ɗaliban injiniya na BUK da na Wudil za su iya wannan a matsayin aikin kammala karatu.

28/
Na biyu, sola a kan rufi. Sa'ar da kasuwa ta yi ita ce lokacin aikinta lokacin rana ne: a buɗe da hantsi, a tashi da magariba. Batir shi ya fi komai tsada a harkar sola, kuma kasuwa ba ta buƙatarsa da yawa kamar gida. Ranar da ke gasa mu a Kwari ita ce ya kamata ta juya mana fanka.

29/
Na uku, tashar gas madaidaiciya a wajen cunkoso, da layi na musamman zuwa kasuwannin. Sola kaɗai ba za ta ɗauki masu walda, manyan firij da injinan ɗab'i ba. Ga ƙurar hunturu da ke rufe fanel, ga hadarin Agusta. Gas ya riƙe nauyi, sola ta rage kuɗi, wutar ƙasa ta zama ta ukunsu.

30/
Na huɗu, mita ga kowane shago, irin wadda ake sa wa kati. Ba mitar layi guda da shugaban layi zai bi yana karɓar karo-karo ba, don a nan rigima ke farawa: wane yana da firij biyu, wane ƙwai ɗaya gare shi, amma kuɗi ɗaya. Kowa ya biya abin da ya sha, a manna farashin yunit a ƙofar kasuwa.

31/
Na biyar, kuma wannan maganar rai ce: a sake wayarin. Ɗaga kanka a kowane layi ka ga wayoyi sun sarƙe kamar saƙar gizo, wasu an naɗe da leda. Ga jarkokin fetur a bayan kanta, ga atamfa da katifa da robobi. A Maris 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a Sabon Gari. Ba tarihin kakanni ba ne, muna firamare ko sakandare aka yi.

32/
Haka gas na girki. Masu abinci da masu shayi da yawa sun koma tukunyar gas, kuma hakan ya fi itace da gawayi tsafta. Amma a ce ana ɗura gas a shagon da ke manne da mai janareto, a lungun da motar kashe gobara ba ta iya shiga? A ware wa masu ɗurawa wuri a fili, a riƙa duba tsofaffin tukwane da robar gas.

33/
Na shida, yarjejeniya a rubuce. Awa nawa a rana, nawa ne yunit, yaushe za a iya ƙara kuɗi, me za a biya ɗan kasuwa in an saɓa. Band A an ce awa 20 ne a rana, kuma kowa ya ga yadda ake ta jayayya a kai. Ƙungiyar kasuwa ta ɗauki lauya da injiniyanta kafin ta sa hannu, ba bayan an yanka kintinkiri ba.

34/
Na san abin da za a ce a ƙasa. "Kai ta 'yan kasuwa kake, talakan unguwa fa?" Tambaya ce mai nauyi. In aka cire masu iya biya daga layin kowa, kamfanin rarrabawa zai rasa kuɗin shiga, unguwanni su ƙara shiga uku. Wannan haɗarin gaskiya ne, ba zan share shi ba.

35/
Shi ya sa tsarin Wuse ya fi min: yarjejeniya ce ta mutum uku, 'yan kasuwa, mai zuba jari, da kamfanin rarrabawa. Kamfanin yana samun kuɗin hayar layinsa, yana sayar da wutarsa in akwai. Wutar da kasuwa ta daina ja da rana kuma tana iya zuwa Fagge, Gwammaja ko Kurna. A sa wannan sharaɗin a takarda.

36/
Wani zai ce "kowa ya sa solarsa mana, a huta". Alhajin da ke da filaza zai iya, wasu ma sun riga sun sa. Amma mai teburi fa? Mai hayar shago a ƙasan bene wanda rufin ba nasa ba ne? Wanda jarinsa duka bai kai kuɗin inbata da batir ba? In aka bar kowa da kansa, babba ya ƙara gaba, ƙarami ya ci gaba da shan hayaƙi.

37/
Akwai kuma waɗanda cinsu yana cikin duhun nan: mai babban inji da ke sayar wa layi wuta, 'yan bumburutu, masu gyaran janareto. Ba maƙiya ba ne, giɓi suka gani suka cike. In aka yi tsari ba da su ba za su yaƙe shi, kuma sun fi kowa sanin lungunan. A koya musu aikin sola da mita, a ba su kwangilar kula da layi.

38/
Abin da na fi tsoro shi ne halinmu na buɗe aiki da kiɗa da algaita, bayan shekara biyu batir ya mutu, fanel ya yi ƙura, ba mai kula. Don haka ba na goyon bayan gwamnati ta saya ta raba kyauta. Ta ba da fili, lasisi, tsaro da garanti. Wanda ya sa kuɗinsa shi zai tashi da asuba ya wanke fanel.

39/
Me ya shafe mu matasa? Ku tambayi iyayenmu yadda Bompai da Sharaɗa suke a da, lokacin da jiniyar masana'antu ke tashin unguwa. Da yawansu sun rufe, kuma tsadar wuta na cikin manyan dalilai. Muna gama makaranta kasuwar nan ce za ta ɗauki yawancinmu. In ta ci gaba da ƙona ribarta a janareto, da me za ta ɗauke mu?

40/
Don haka in ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a, ko shugaban kasuwa ya zo neman tazarce, ga tambayoyi: megawat nawa kasuwannin nan ke buƙata? Wa ya auna? Ina filin tashar gas? Wa zai shimfiɗa bututu daga inda AKK ta tsaya? In ya fara "in sha Allahu muna kan tattaunawa", ku ce ya ba ku wata da shekara.

41/
Mu ma mu fara namu daga nan. In kana da shago ko kana tsaron na wani a Kwari, Singa, Sabon Gari, Wambai, Farm Centre ko Beirut, rubuta a ƙasa: wace sana'a, lita nawa a rana, awa nawa kuke samun wuta. Ba sai ka faɗi sunan shago ba. Masu karatun lantarki kuma ku duba lissafin 6 da 7 ku kawo naku.

42/
Zan tattara amsoshin in fitar da su a zare na gaba, kowa ya gani da lamba. Ku tura wa 'yan kasuwar da kuka sani, musamman shugabannin layi. Allah ya tsare kasuwanninmu daga gobara, ya sa albarka a nema. 🙏🏾